Bayan An Kwance Mari, Sai Ina?



Da farko ina godiya ga shugabannin ƙungiyarmu da suka ba ni wannan dama, ko da yake na san akwai waɗanda suka fi ni sani a zauren nan, musamman 'yan sashen shari'a da na tarihi. Idan na yi tuntuɓe sai su gyara mini. Abin da aka ce in yi magana a kansa shi ne taimakon da hukuma ke bai wa mutanen da aka ceto daga hannun masu fataucin mutane, da kuma waɗanda suka fito daga bauta. Na lura duk sa'ad da aka ta da wannan magana hankalinmu yakan tafi wajen kamu ne: wa aka kama, a wace iyaka, shekara nawa alƙali ya ɗaure shi. Gidan rediyo ya faɗa, jarida ta buga hoton 'yan mata a jere sun rufe fuska da mayafi, mu yi tsaki mu wuce. Ni kuwa tambayata ta washegarin ceto ce. Yarinyar nan da ta rufe fuska, a ina ta kwana? Wa ya duba lafiyarta? Bayan wata uku me take ci, kuma wane ne zai hana dillalin da ya kai ta ya sāke dawowa ƙofar gidansu? A ganina a nan ne ya kamata a auna hukuma, ba a yawan waɗanda ta kama ba.

Wannan tambaya ba sabuwa ba ce a ƙasarmu, saboda haka ina roƙon ku yi haƙuri mu ɗan waiwaya. Masana tarihi Lovejoy da Hogendorn, a littafin da suka fitar a 1993 game da yadda bauta ta mutu sannu a hankali a Arewa, sun ƙiyasta cewa wajen shekarar 1900 bayin da ke cikin Daular Sakkwato sun kai daga miliyan ɗaya zuwa miliyan biyu da rabi. Kalmomin suna nan a bakinmu har yau: rinji, bacucane, kuyanga, ƙwarƙwara, murgu, fansa. Da Gwamna Lugga ya yi shelarsa ta 1901, ya hana harin bayi da cinikinsu, ya ce kotun Bature ba ta san wani abu wai shi bawa ba, kuma duk yaron da aka haifa daga 1 ga Afrilu na wannan shekara ɗa ne. Amma bai 'yanta waɗanda ke hannun iyayengiji ba, domin yana tsoron kada gonakin sarakuna da attajirai su zama kufai, haraji ya ƙi taruwa. Bawan da ya gudu akan hana shi gona a inda ya je, a ɗauke shi mai zaman kashe wando. Wanda ke son 'yanci sai ya je gaban alƙali a yanka masa fansa, ya yi ta biya da guminsa. Mata kuwa, sau da yawa akan mai da maganarsu maganar aure, a ce ba bauta ba ce. Sai a 1936 aka yi dokar da ta soke bauta ɗungum a Arewa.

To, amma akwai waɗanda ba su da ubangijin da za su zauna a hannunsa, watau yaran da aka ƙwace daga ayarin fatake a kan hanya. Da yawansu an ɗebo su tun suna ƙanana, ba su san sunan garinsu ba, wasu ko Hausa ba sa ji. Domin su ne gwamnatin Turawa ta buɗe gidajen 'yantattun bayi, ɗaya a Zungeru, ɗaya a Barno.  Ana ciyar da yaran, ana koya musu wanki da ɗinki da aikin lambu, wasu a ba da su riƙo ko aikin gida, 'yan matan da suka isa a aurar da su. Yara da dama sun mutu a can, gama yawanci sukan iso ne a galabaice da yunwa da ciwo. Ba a daɗe ba gwamnati ta ga abin yana cin kuɗi, sai a 1909 ta miƙa yaran Zungeru ga 'yan mishan, waɗanda suka buɗe nasu gida a Rumasha, can wajen kogin Binuwai. Ku riƙe wannan a ranku, watau hukuma ta ceto, ta ɗan riƙe, ta gaji, ta miƙa wa masu aikin sa-kai. Za mu sāke gamuwa da shi.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, addinin da akasarinmu muke bi ya riga ya gane cewa kwance mari kaɗai ba ya isa. A cikin mutane takwas da Alƙur'ani ya ce a ba su zakka, a Suratut Tauba, akwai bayin da ake neman 'yantawa. A Suratun Nur kuma an umarci ubangijin da bawansa ya nemi su rubuta yarjejeniyar fansa da ya taimaka masa da wani abu daga dukiyarsa. Watau ba a sallami mutum hannu rabbana ba. Malaman da ke nan sun fi ni sanin bayanin wannan, ni dai na kawo shi ne domin kada wani ya ce kula da wanda aka ceto baƙon abu ne da Turawa suka ɗora mana.

Yanzu bari mu ƙetara iyaka zuwa Jumhuriyar Nijar, domin a can ne aka yi shari'ar da ta fi kowace bayyana abin da nake nufi. A 1996 aka sayar da wata yarinya mai shekara 12, Hadijatu Mani, a kan kuɗin sefa dubu 240, a yankin Birnin Konni. An saye ta ne a matsayin wahayiya, watau macen da ake ajiyewa bayan mata huɗu, ba sadaki, ba ɗaurin aure, ta yi aikin gida da na gona, maigida kuma ya kwana da ita. Bincike ya nuna wasu irin waɗannan 'yan mata har ƙetaro da su ake yi zuwa Arewacin Nijeriya, saboda haka kada mu ce abin na maƙwabta ne. A 2003 Nijar ta sa bauta cikin manyan laifuffuka, da ɗaurin shekara 10 zuwa 30. A 2005 ubangidan Hadijatu ya ba ta takardar 'yanci, amma da ta tashi tafiya sai ya ce ai matarsa ce. Ta tafi, ta auri wanda take so, sai kotu ta yanke mata ɗaurin wata shida, wai ta yi aure a kan aure. Jama'a, ku dubi wannan al'amari. Doka tana nan a rubuce, takardar 'yanci tana hannu, amma wadda aka zalunta ita ce ta kwana a kurkuku.

Ba ofishin gwamnati ne ya tsaya mata ba. Ƙungiyar Timidria ce, wadda aka kafa a 1991 domin yaƙi da bauta a Nijar, tare da wasu ƙungiyoyi na Ingila, suka kai ƙara gaban kotun ECOWAS. Ranar 27 ga Oktoba 2008 kotun ta yanke hukunci a Yamai cewa gwamnatin Nijar ta kasa kāre 'yar ƙasarta daga bauta, ta kuma umarce ta da ta biya diyyar sefa miliyan 10. Muhimmancin hukuncin shi ne ba a kan ubangidan aka ɗora laifin ba, a kan hukuma aka ɗora, domin alƙalanta sun ga bauta a gabansu sun kau da kai. Bayan haka Nijar ta yi dokar hana fataucin mutane a 2010, ta kafa hukumar da za ta kula da aikin, a 2019 kuma aka buɗe gidan gwamnati na farko domin waɗanda aka ceto, a Damagaram, da taimakon Hukumar Kula da Ƙaura ta Duniya. Sai dai a Janairun 2025 Nijar ta kammala ficewa daga ECOWAS tare da Mali da Burkina Faso. Ni ba siyasar abin ce ta dame ni a yau ba. Abin da ya dame ni shi ne, wata Hadijatu da kotun garinsu za ta juya wa baya nan gaba, ƙofar da waccan ta ƙwanƙwasa ba ta nan kamar yadda take a da.

Mu dawo gida. Tsarin mulkinmu na 1999, a sashe na 34, ya hana riƙe kowa a bauta ko sa shi aikin tilas. A 2000 aka ƙulla yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta birnin Falamo a Italiya game da fataucin mutane, Nijeriya kuwa tana cikin waɗanda suka amince da ita da wuri. Ƙungiyar da Hajiya Titi Atiku Abubakar ta kafa a 1999 ta matsa ƙwarai har aka yi dokar 2003, wadda ta haifi hukumar NAPTIP. An yi wa dokar gyara a 2005, aka sāke ta gaba ɗaya a 2015. Wanda ya karanta ta zai ga ba dokar kamu kaɗai ba ce. Ta tanadi cewa kada a tsare ko a gurfanar da wanda aka yi fataucinsa saboda laifin da halin da aka jefa shi ya jawo, alal misali shiga ƙasa ba takarda. Ta ba shi ikon neman diyya daga wanda ya cuce shi. Ta tanadi asusu na musamman domin waɗanda aka ceto, wanda ake nufin dukiyar da aka ƙwace daga masu laifi ta riƙa shiga cikinsa. Hukumar tana da gidajen saukar mutane a Abuja da Legas da Binin da Kano da Sakkwato da Maiduguri da wasu garuruwa, inda ake ba da abinci da magani da nasiha, a nemi dangi, a koya wa wasu ɗinki ko kitso ko wata sana'a. Wajibi ne mu yaba wannan. A lokacin da aka kafa ta, ƙasashen Afirka kaɗan ne ke da irinta.

Amma yabo ba zai hana mu faɗin gaskiya ba. A bisa al'ada zaman waɗannan gidaje ba ya wuce mako shida, sa'an nan a mai da mutum gida ko a miƙa shi ga wata ƙungiyar sa-kai. Kun tuna Zungeru da Rumasha? Mako shida zai iya warkar da miki a ƙafa, amma ba na jin zai warkar da macen da ta shekara uku ana sayar da jikinta a Sabha ko a Turin, balle ya koya mata sana'ar da za ta riƙe ta. Bugu da ƙari gidajen a kulle suke, ba a fita sai da rakiya. Hukuma tana da hujjarta, domin dillalai sukan biyo sawu su tsorata mai ba da shaida. Duk da haka a 2019 ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar da rahoto bayan ta yi hira da matan da suka zauna a irin waɗannan gidaje, wasunsu suka koka cewa an hana su fita da magana da danginsu, ba a kuma gaya musu ranar tafiya ba. Mutumin da aka ƙwace wa fasfo aka kulle a ɗaki, idan ka ceto shi ka sāke kulle shi, ko da niyyarka mai kyau ce, zuciyarsa ba lalle ta ga bambanci ba. Ina ganin babbar mace baliga ta cancanci a bayyana mata haɗarin da ke waje, sa'an nan a bar ta ta zaɓa. Yaro ƙarami kuwa maganarsa daban ce.

Kowa a nan ya tuna abin da ya faru a Nuwamban 2017, sa'ad da gidan talabijin na CNN ya nuna ana gwanjon samari baƙar fata a Libiya, ana sayar da mutum a kan dalar Amurka 400. Waɗanda suka karanta Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Balewa a makarantar sakandare sun san wannan hanya, domin ta hamadar nan ce aka ƙetara da mahaifiyar Umar bayan ta fita neman ɗanta ta faɗa hannun masu bayi. Raƙumi ya koma mota, hanyar dai ita ce, ta hamada. A Janairun 2018 gwamnatin tarayya ta aika jirage suka yi ta kwaso mutanenmu zuwa Fatakwal. An yi rawar gani wajen kwasowa. To, amma wanda ya sauko daga jirgin nan ya sayar da gonar ubansa kafin ya tafi, ko uwarsa ta ci bashi, ya dawo ba ko anini, ga kunya, ga masu bin bashi. Idan abin da ya tarar shi ne kuɗin mota da jawabin kwamishina, kada mu yi mamaki in mun ji ya sāke kama hanya.

A nan Jihar Edo ta koya mana wani abu. Gwamnatin jihar ta kafa kwamitinta na musamman a 2017, ta yi dokarta a 2018. A Maris na 2018 kuma Sarkin Binin, Oba Ewuare na Biyu, ya tara bokayen ƙasarsa ya warware rantsuwar tsafi da ake sa 'yan mata su yi kafin a kai su Turai, ya kuma la'anci mai sāke yin ta. Wannan rantsuwa ita ce marin da ba a gani, ita ke hana yarinya faɗin sunan uwar ɗakinta ko a gaban alƙali. Babu ɗan sanda ko ma'aikacin jin daɗin jama'a da zai iya kwance ta, sai sarki. Ina tambaya, mu a Arewa, wane mari ne sarakunanmu da limamanmu kaɗai za su iya kwancewa? A ganina shi ne gori. Yarinyar da ta dawo daga hannun azzalumai, a unguwa a riƙa nuna ta da baki, a ce ta gama yawon duniya, manemi ya janye, wannan ba abin da kasafin kuɗi zai gyara ba ne. Huɗubar Juma'a guda za ta fi takardar ofis ɗari aiki a nan.

Na san akwai masu cewa fataucin mutane matsalar 'yan Kudu ce. Wannan magana laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Wace unguwa ce a Kano ko Kaduna ko Zariya babu matar da sana'arta ke nan, ta ɗebo 'yan mata daga ƙauye ta raba su gidaje aikatau, ƙarshen wata ita ke karɓar kuɗin? Dokar 2015 ta haramta ɗaukar yaron da bai kai shekara 12 ba aikin gida, amma mu duba gidajenmu, mu 'yan boko, mu ga shekarun wadda ke wanke mana kwanuka. Ga kuma matan da dillalai ke yi wa fasfo da biza a kai su ƙasashen Larabawa aikin gida, da sun sauka a karɓe fasfon, a ce sai sun biya kuɗin da aka kashe. A Oktoban 2013 an tsinci gawar mutum 92 a hamada arewa da Arlit, kusa da iyakar Aljeriya, bayan motocinsu sun lalace, ƙishirwa ta kashe su. Akasarinsu mata ne da yara, da yawa daga yankin Kance na jihar Damagaram, Hausawa 'yan'uwanmu, ana kyautata zaton bara za a kai su. Ba Binin ba ce wannan.

Bari in ba ku labarin abin da na gani da idona, ba tare da na ambaci suna ko wuri ba. A unguwarmu akwai wata baiwar Allah da aka kai aikin gida ƙasar waje, ta yi shekara biyu ba a biya ta ba, aka dawo da ita ba lafiya. Mahaifiyarta ta roƙe ni in raka su wani ofis, tun da ni ne ɗan makaranta. Zuwanmu na farko aka ce mai sa hannu ya tafi taro. Na biyu aka ce a kawo hoto da takardar mai unguwa. Na uku kuwa wani akawu ya sa ta ta maimaita duk abin da aka yi mata a gidan nan, da ƙarfi, a ɗaki cike da masu jira, har wani daga gefe ya ce ai su ke kai kansu. Ta ja mayafi ta rufe fuska. Da muka fito ta ce da uwarta, "Inna, don Allah mu haƙura, na yafe." Kowane zuwa kuɗin mota ne na mutum uku, wanda uwar ta ranto. Ba ta sāke komawa ba. A takardun ofishin nan na tabbata za a rubuta cewa ba ta bi sawun maganarta ba.

Wannan ne ya sa na ji daɗi da na ga 'yan'uwanmu matasa ma'aikatan gwamnati a zauren nan, domin mu ɗalibai ma, nan da shekara biyu ko uku, a kan irin waɗannan kujeru za mu zauna. Ba mu ne za mu yanka kasafin kuɗi ba tukuna, amma mu ne za mu riƙe fayil. Ɗakin da za a yi wa mace tambaya a keɓe, da ma'aikaciya mace, ba ya bukatar dokar majalisa. Haka nan rubuta bayaninta sau ɗaya, a bar maimaita mata shi a kowane tebur. Haka nan gaya mata tun ranar farko cewa doka ta ba ta ikon neman diyya, abin da yawancinsu ba su taɓa ji ba. Keken ɗinkin da ake rabawa a gaban 'yan jarida kuwa, a tambayi mai karɓa tukuna ko ɗinki take so, domin wata makaranta take son komawa, wata kuwa jarin ƙosai ya fi mata amfani, kuma a koma bayan wata shida a ga ko keken yana nan ko an sayar an biya bashin dillali. Gwamnatocin jihohi su ma ba su da hujjar naɗe hannu su ce aikin tarayya ne, gama makaranta da asibiti da ofishin jin daɗin jama'a da yarinyar za ta bukata bayan mako shidan nan duk a hannun jiha da ƙaramar hukuma suke.

Shugaban taro, ina da roƙo ɗaya ga ƙungiyarmu kafin in zauna. Muna da 'yan sashen shari'a, muna da masu karatun aikin likita da na zamantakewa. Ina ba da shawara a naɗa mutum biyar su fassara sassan dokar 2015 da suka shafi haƙƙin wanda aka ceto zuwa Hausa mai sauƙi, da boko da ajami, shafi biyu kacal, mu buga a mujallarmu ta gaba, mu kuma kai wa masu unguwanni da limamai da tashoshin mota idan mun tafi hutu. Ni na ɗauki nauyin rubutun ajamin, in an samu wanda zai duba mini fassarar.